Ƙuri'armu Amana Ce

Mukan ji ana cewa jefa ƙuri'a ɓata lokaci ne. Masu faɗin haka suna da dalili, gama ba mu manta da zaɓen 12 ga Yuni 1993 da aka soke ba. Amma a 2015 ƙuri'ar talakawa ta sauke shugaban ƙasa mai ci, shi kuwa ya amince. Katikizim na Ikilisiyar Katolika, lamba 2240, ya sa jefa ƙuri'a cikin wajibanmu, tare da biyan haraji. In mun zauna a gida, mun bar wa mai sayen ƙuri'a fili ke nan. Saboda haka mu karɓi katin zaɓe, mu fita ranar zaɓe, daga baya kuma mu riƙa tambayar kansila da ɗan majalisa inda alkawarin rijiya da asibiti ya kwana. Ubangiji ya ba mu hikima.