Sana'ar Saƙa: Jagora Ga Mai Fara Koyo

Matan Hausawa mazauna Fatakwal da Anaca da Inugu da yawa suna neman sana'ar da za su yi a cikin gida ba tare da babban jari ba. Saƙa da tsinke tana daga cikin irin waɗannan sana'o'i. Sai dai galibin masu farawa kan yi asarar kuɗi tun a ranar sayayya, domin sukan sayi kayan da bai dace da hannun ɗan koyo ko da yanayin Kudu ba.

Kayan Aiki

Abubuwa biyar sun wadatar: tsinken saƙa guda biyu masu kaurin milimita 4, dunƙulen zare mai nauyin giram 50, almakashi, tef na awo, da babbar allura marar kaifi don haɗa ɓangarori. Daga baya a ƙara da kwarashi, domin kamo madaukin da ya zame daga tsinke. A nemi waɗannan wajen masu kayan ɗinki a Babbar Kasuwar Anaca, ko Kasuwar Ogbete a Inugu, ko Kasuwar Mile One ta Diobu a Fatakwal.

Zaɓen Zare

Zare iri uku ne: ulu na gashin tumaki, da na auduga, da na roba. Ulu yana da ɗumi ƙwarai, amma yana da tsada, kuma yakan tsuke idan aka wanke shi da ruwan zafi. Na auduga yana shan gumi, saboda haka ya fi dacewa da zafin Kudu. Na roba shi ne mafi araha da jure wanki, kuma da shi ya kamata a yi koyo. A zaɓi launi mai haske, domin baƙin zare yana ɓoye kuskure. A sayi abin da zai ishi aiki gaba ɗaya, gama rinin yau da na gobe ba su cika zama daidai ba.

A Fatakwal damina takan kai wata takwas. Zaren auduga ko ulu da aka bari cikin laima yakan yi fumfuna. Wajibi ne a adana shi cikin mazubi mai murfi, nesa da ƙasa.

Matakin Farko

Kada a fara da suwaita. A ɗora madauki 22 a kan tsinke, a saƙa layi bayan layi. Idan zaren matsakaici ne, faɗin zai kai wajen santimita 10. In ya gaza, hannu ya cika matsewa; in ya zarce, ya cika sakewa. A warware a sake har hannu ya daidaita.

Bayan haka sai hular jariri da safa. Ma'aikatan lafiya suna gargaɗi cewa sabon haihuwa, musamman bakwaini, yana saurin rasa ɗumin jiki ko a ƙasa mai zafi, don haka waɗannan kaya ba su rasa mai saye. Manyan kaya kuwa a tanade su domin masu tafiya Arewa lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Kafin a yanka farashi, a lissafa kuɗin zare da kwanakin aiki, don kada a cinye uwar kuɗi. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.