Amanar Baitulmali Da Sharaɗin Sayen Kayan Gida



Darasin wannan mako ya shafi dukiyar baitulmali ne, da wani sharaɗi da hukuma kan gindaya wa 'yan kwangila, watau in za a yi hanya ko gada ko asibiti da kuɗin jama'a, to, a yi aikin da kayan da aka sarrafa a cikin ƙasa. Mas'ala biyu ce a nan. Shin ya halatta shugaba ya gindaya wannan sharaɗi ko da kayan gida sun ɗan fi tsada? In kuwa ya halatta, wa ke da alhakin duba cewa an cika shi?

Ta farkon ba ta da wuyar warwarewa. Malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa shugaba wakili ne a kan baitulmali, ba mai shi ba ne, kuma duk abin da zai yi da dukiyar sai ya kasance saboda maslahar talakawa. Maslaha kuwa ba ta tsaya ga arha kaɗai ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, ya sanya raya masu sana'a cikin wajiban shugaba, ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa. Ashe ke nan shugaban da ya saya wa maƙerin garinsa, don kada maƙerar ta mutu, bai fita daga amana ba.

Nijeriya ta ɗanɗana ɗacin rashin yin haka. A shekarar 1975 ma'aikatun gwamnati suka yi odar siminti daga ƙasashen waje wajen tan miliyan 20, jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira daga baitulmali, wani simintin har ya daskare a cikin jirgi. Daga 2002 gwamnati ta ɗaura izinin shigo da siminti a kan masu kafa masana'anta a gida, har aka kai ga simintin Obajana da Ashaka da Sakkwato da sauransu yana ɗaukar nauyin gine-ginen ƙasa. Sai dai mai karatu ya lura, in aka toshe ƙofar waje aka bar kasuwa a hannun 'yan tsiraru, farashi kan hau, talakan da aka ce don shi aka yi shi ne zai fara kuka. Saboda haka halaccin sharaɗin yana tafiya ne tare da sa ido a kan farashi.

Dokoki dai ba su yi ƙaranci ba. Dokar sayayya da ba da kwangila ta 2007 ta kafa hukumar BPP, ta kuma ba da damar a fifita 'yan kwangila da kayan gida. A watan Mayu na 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a umarni mai lamba 003, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin ɗari na kuɗin da ma'aikatu ke kashewa a kan wasu kayayyaki, har da kayan gini, su tafi ga na gida. A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara da umarni na 5 game da fifita injiniyoyi da kamfanonin ƙasa. A watan Mayu na 2025 kuma majalisar zartaswa ta amince da cewa ma'aikata ba za ta sayo daga waje abin da ake samu a gida ba sai da izinin BPP a rubuce.

To, a nan ne mas'ala ta biyu ta taso, kuma ita ce mai nauyi. Ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin wani tulin abinci a kasuwa, sai ya cusa hannunsa a ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Mai kayan ya kawo hanzarin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Manzon Allah ya zarge shi da rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda masu saye za su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Abin lura shi ne, ba a tsaya ga kallon saman tulin ba, ba a kuma wadatu da maganar mai kaya ba. Daga irin wannan aiki ne malamai suka ciro asalin hisba da muƙamin muhtasibi.

Saman tulin a wannan zamani shi ne takarda. Ɗan kwangila ya kawo rasit na wani kanti a Kano ko Legas, ya ce ga shaida kayan gida ne. Amma sayen abu a cikin gida daban, yin sa a cikin gida daban. In aka shigo da taransifoma ko bututun ruwa a kammale, aka ɗaura 'yan kusoshi aka shafa fenti, sannan aka liƙa masa tambarin gida, wannan algus ne tsantsa, kuma wanda aka cuta ba mutum ɗaya ba ne da za a je a roƙi gafararsa, al'umma ce duka.

Don haka ne wajibi hukuma ta fara fayyace abin da ake nufi da kayan gida, domin sharaɗin da ba a san iyakarsa ba ba ya yanke husuma. A nan akwai abin koyi a dokar da Amurka ta yi a 2021 game da ayyukan da gwamnatin tarayyarta ke biya. Ta ce ƙarfe sai an yi shi a ƙasar tun daga narkarwa har shafe, sauran kayan ƙira kuwa sai fiye da kashi 55 cikin ɗari na kuɗin sassansu na gida ne. Ta kuma bar ƙofar rangwame in kayan ba su samuwa, ko in za su ƙara wa aikin tsada fiye da kashi 25 cikin ɗari, ko saboda maslahar jama'a, amma da sharaɗin a bayyana neman rangwamen a fili kwana 15 don mai ja ya yi magana.

Rangwame kansa ba laifi ba ne, domin shari'a ba ta ɗora wa mutum abin da ba shi da iko a kansa. Masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, wadda aka soma tun 1979, ba ta kai ga fitar da ƙarfen layin dogo ba, saboda haka ba yadda za a yi a ce wa mai shimfiɗa dogo ya saya a gida. Haka kuma aikin da aka yi da rance, irin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, wanda kamfanin ƙasar Sin ya yi da rancen bankin ƙasar Sin, a irinsa mai ba da bashi yana da tasa maganar. Laifin yana ga rangwamen da aka bayar a ɗaki, ba wanda ya ji dalili. Wannan ƙofa ce ta rashawa, kuma duk sharaɗin ta nan yake zurarewa.

Sai kuma shi mai dubawar. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, bai wadatu da naɗa gwamnoni na gari ba, yakan aiki Muhammadu ɗan Maslama ya je ya gano masa halinsu da idonsa. Gani ya kori ji. A fannin mai, dokar 2010 ta kafa hukuma ta musamman mai hedkwata a Yenagoa, aka yanka mata kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin kwangilolin haƙar mai don raya aikin. Majalisar ƙoli da dokar 2007 ta ce a kafa don kula da sayayya kuwa, an shafe fiye da shekara goma ba a kafa ta ba. Umarnin shugaban ƙasa shi ma bai kai ƙarfin dokar majalisa ba, wanda ya gaje shi yana iya soke shi.

Injiniyan gwamnati da ke sa hannu a takardar kammala aiki ya sani cewa sa hannun nan shaida ce, da ita ake fitar da kuɗi. In ya sa hannu cewa rodi da wayar lantarki na gida ne alhali bai je wurin aikin ba, bai nemi takardar masana'anta ba, ya yi shaida a kan abin da bai gani ba. In ya gani ya rufe ido, shaidar zur ce. Kyautar da ɗan kwangila zai aika masa kuwa, hukuncinta yana cikin ƙissar Ibnul Lutbiyya, ma'aikacin zakka wanda ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa, Manzon Allah ya hau mumbari ya yi inkarin haka, domin ba don muƙamin ba da ba a ba shi ba.

Darasi na gaba, in Allah ya yarda, zai duba hukuncin ɗan kwangilar da ya karɓi kuɗin somin aiki ya gudu ya bar aikin.