Tsawon Hasumiya Ba Ya Fitar da Itanol Zalla

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin ɗaliban injiniyancin sinadarai da masu ƙananan masana'antu, wai idan aka ƙara wa hasumiyar tacewa tsawo, aka jera mata farantai masu yawa, za ta fitar da itanol zalla wanda babu ɗigon ruwa a cikinsa. Ana ganin maganar a rahotannin aikin shekarar ƙarshe, inda ɗalibi zai rubuta cewa hasumiyarsa tana ba da kashi 99 cikin 100, a duba rahoton, a sa hannu, ba tare da an tambaye shi ta inda ya bi ba. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma tana jawo asarar ƙarfe da man wuta.

Hasumiyar tacewa doguwar ganga ce a tsaye wadda ake raba ruwaye biyu a cikinta ta hanyar tafasawa, inda tururi ke hawa sama, ruwa kuma yana gangarowa ƙasa, suna haɗuwa a kan farantai masu huji. A ƙasanta akwai tukunyar da ke tayar da tururin, a samanta kuma akwai kwandensa, wato na'urar da ke sanyaya tururi ya koma ruwa. Rabuwar tana yiwuwa ne kawai saboda tururin da ya tashi daga gauraye ya fi ruwan da ya bari yawan sinadarin da ke saurin tafasa. Itanol yana tafasa a digiri 78.4 na ma'aunin Salshiyas, ruwa kuma a digiri 100, don haka kowane faranti yana ƙara wa tururin ƙarfi, amma ƙarin yana raguwa yayin da ake hawa. Da gaurayen ya kai kusan kashi 95.6 na itanol bisa nauyi, sai tururi da ruwan da ya fito daga cikinsa su zama iri ɗaya sak, suna tafasa tare a kusan digiri 78.2. Wannan matsayi shi ake kira aziyoturof, kuma a matsin iska na yau da kullum babu farantin da zai iya ƙara komai a bayansa, ko da an jera guda dubu, domin abin da faranti ke aiki da shi, wato bambancin tururi da ruwa, ya ƙare.

Tushen kuskuren shi ne misalin da ake fara koyarwa da shi, wato gaurayen benzin da toluwin, waɗanda ke tafasa a digiri 80.1 da 110.6, kuma ba su da aziyoturof, saboda haka ƙarin farantai yana ƙara musu tsabta. Sai ɗalibi ya ɗauka kowane gauraye haka yake.

Abin da ya kamata a fara da shi, tun kafin a yi maganar tsawo, shi ne lissafin kayan da suka shiga da waɗanda suka fita. Ƙa'idarsa biyu ce: jimillar abin da aka ɗura dole ta yi daidai da abin da ya fita ta sama haɗe da wanda ya fita ta ƙasa, haka kuma itanol ɗin da ya shiga dole ya yi daidai da wanda ya fita ta ƙofofin biyu. A misali, idan ana ɗura kilo 1,000 a awa na ruwan rake da ya yi tsami mai itanol kashi 10, ana son na sama ya kai kashi 90, na ƙasa kuma kada ya wuce rabin kashi ɗaya, lissafin zai nuna cewa kusan kilo 106 ne za su fita ta sama, kilo 894 kuma ta ƙasa. Babu tsarin farantai da zai sauya wannan adadi, domin kilo 100 na itanol ne kaɗai ya shiga. Duk rahoton da ya nuna an samu fiye da abin da aka zuba, to ma'auni ne ya lalace ko kuma an ƙaga lambobin.

Daga nan sai lissafin zafi, wanda shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ba duk ruwan da kwandensa ta sanyaya ake kwashewa ba, ana mayar da wani kaso cikin hasumiya don ya wanke tururin da ke hawa, kuma gwargwadon abin da aka mayar a kan abin da aka kwashe shi ake kira ma'aunin maido. Idan a misalin da ya gabata ana mayar da kilo uku a kan kowane kilo ɗaya da aka kwashe, tururin da ke isa sama zai kai kilo 424 a awa, kuma tunda kowane kilo na wannan gauraye yana sakin zafi kusan kilojul 990 idan ya koma ruwa, kwandensa za ta ɗauke kusan kilowat 117. Idan aka ninka maidon ya koma shida, nauyin zai haura kilowat 200, tukunyar ƙasa kuma dole ta biya wannan zafin da gas ko baƙin mai. Masu gudanar da hasumiya da yawa, da zarar sun ga tsabta ta ragu, sai su buɗe maido su ƙara wuta, alhali yawan tururi yana iya hana ruwa gangarowa har farantai su cika su yi ambaliya, tsabtar da ake nema ta ƙara lalacewa. Abin da aka saba a wannan fanni shi ne a gano mafi ƙarancin maidon da rabuwar za ta yiwu da shi, sannan a yi aiki da ninki 1.2 zuwa 1.5 nasa.

Sai bayan waɗannan lissafai biyu ne ake ƙirga farantai. Hanyar da Warren McCabe da Ernest Thiele suka wallafa a Amurka a 1925 har yanzu ita ce mafi fa'ida ga mai koyo, domin a kan takarda guda ana zana layin daidaiton tururi da ruwa, a zana layukan aiki na sashen sama da na ƙasa, sannan a ƙirga matakala a tsakaninsu. Duk wanda ya taɓa yin wannan zane da hannunsa ga itanol da ruwa ya ga inda layin daidaito ya taɓa layin tsakiya, wato inda tururi da ruwa suka zama iri ɗaya, ya kuma ga matakalar suna ƙanƙancewa har su tsaya, ba zai sake rubuta kashi 99 ba. Hanyar tana ɗauka cewa zafin tayar da tururi na sinadaran biyu kusan ɗaya ne bisa ƙidayar mol, kuma adadin da take bayarwa na farantai ne marasa aibi, don haka sai an raba shi da ingancin faranti na zahiri kafin a je wurin maƙeri.

Laifin ba na ɗalibai kaɗai ba ne. An mayar da manhajojin kwamfuta irin su Aspen HYSYS madadin tunani, ana zaɓar tsarin lissafin da ya dace da ɗanyen mai a ɗora shi a kan itanol da ruwa, manhajar kuwa ta fitar da amsa mai kyan gani wadda babu aziyoturof a cikinta. Malamin da ya karɓi irin wannan aiki ba tare da neman lissafin hannu ba ya cuci ɗalibinsa.

Wanda ke buƙatar itanol na tsabtace hannu ba shi da dalilin wannan wahala, tunda haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar kashi 80 ne bisa ma'aunin cika. Wanda kuma ke son busasshen itanol don gaurayawa da fetur, sai ya tsayar da hasumiyarsa ƙasa da aziyoturof, ya tura tururin ta cikin ƙwayoyin ziyolait masu tsotse ruwa, ko ya kafa hasumiya ta biyu da ake zuba wa sinadari na uku kamar etilin gilaikol. Kuɗin da za a kashe wajen ƙara tsawo, a nan ya kamata a sa shi.