Sankarar Mama: Abin da Ƙaurar Matan Asiya Zuwa Amurka Ta Bayyana

A shekarar 1885 ne aka fara kwasar Japanawa masu yawa a jiragen ruwa zuwa tsibiran Hawai, a tsakiyar tekun Fasifik, domin aikin ƙodago a gonakin rake. Daga baya wasu suka zarce Kalifoniya, inda suka tarar da 'yan ƙasar Sin, 'yan Filifin kuma suka biyo sahu. Japanawa suna da suna ga kowane rukuni na zuriyarsu: waɗanda suka yi ƙaura su ne Issei, 'ya'yansu Nisei, jikoki kuwa Sansei. Neman abinci ne ya fitar da su daga gida, amma ƙaurar tasu ta zame wa masana wani gwaji da babu ɗakin binciken da zai iya shirya irinsa.

Dalili kuwa shi ne, a shekarun baya an lura cewa sankarar mama, wato ciwon daji na nono, a lokacin ta fi yawa a Amurka bisa ga Sin da Japan da ninki huɗu zuwa bakwai. To, mene ne ya kawo wannan bambanci? Jini ne, ko kuwa yanayin rayuwa? Idan gado ne kaɗai, to, jikar da aka haifa a Los Anjelis ya kamata ta sami kariya irin ta kakarta da ta tashi a ƙauyen Japan, muddin zuriyar ba ta yi auratayya da wasu ba. Tun a 1973 wani masani mai suna Buell ya nuna cewa ba haka abin yake ba, domin cutar tana ƙaruwa a tsakanin Japanawan Amurka.

Binciken da ya fi fito da al'amarin fili shi ne wanda Regina Ziegler da abokan aikinta na Cibiyar Binciken Sankara ta Amurka suka buga a 1993. Yana da kyau ɗalibi ya lura da dabarar da suka bi. Sun nemo mata 597 'yan asalin Sin da Japan da Filifin, masu shekara 20 zuwa 55, waɗanda aka gano suna da cutar tsakanin 1983 da 1987 a yankunan San Faransisko da Los Anjelis da tsibirin Oahu. Sannan suka nemo wasu 966 masu lafiya, tsararrakinsu daga ƙabilu da wurare iri ɗaya. Aka yi wa kowa tambayoyi: ina aka haife ta, ina aka haifi iyayenta da kakanninta, yaushe ta zo Amurka? Daga nan aka gwama amsoshin ɓangarorin biyu.

Sakamakon ya fito hawa-hawa, kamar matakala. Matan da aka haifa a Yamma haɗarinsu ya ɗara na waɗanda aka haifa a Asiya da kashi 60 cikin ɗari. A cikin baƙin da suka yi ƙaura, wadda ta shekara goma ko fiye ta ɗara sabuwar zuwa da kashi 80 cikin ɗari, 'yar birni kuma ta ɗara 'yar karkara da kashi 30. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne batun kakanni. Ko a cikin haifaffun Yamma, wadda kakanninta uku ko huɗu su ma a can aka haife su, haɗarinta ya fi na wadda duk kakanninta haifaffun Asiya ne da kashi 50 cikin ɗari. Ba wai mahaifar kaka ce ke shiga jikin jika ba. Abin da ake gani shi ne, gidan da kaka ta zo da al'adun ƙasarta yana daɗewa bai saki irin girkinsa da tarbiyyarsa ba, yarinya kuwa a cikin wannan gida take girma. Daga matakin ƙasa zuwa na sama, bambancin ya kai ninki shida.

Wannan ba ya nufin gado ba shi da hannu. An gano ƙwayoyin gado guda biyu, BRCA1 a 1994 da BRCA2 a 1995, waɗanda lahani a cikinsu kan jawo cutar ta bi dangi. Sai dai irin wannan bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu cutar ba, kuma ƙwayoyin gadon al'umma ba sa sauyawa cikin shekara hamsin.

Me ya sauya ke nan? Mafi yawan amsar tana komawa ga sinadarin istirojin, wanda jikin mace ke samarwa daga balaga zuwa ɗaukewar al'ada. A kowane wata yakan zaburar da ƙwayoyin halittar nono su rarrabu, kuma duk rarrabuwa dama ce ta aukuwar kuskure a cikinsu. Yarinyar da ta samu abinci mai maiƙo da yawa takan yi saurin girma, ta fara al'ada da wuri. Wani babban nazari na 2012 ya nuna cewa kowace shekara guda da al'ada ta yi saurin zuwa tana ƙara haɗari da kimanin kashi 5 cikin ɗari. Bayan ɗaukewar al'ada kuma kitsen jiki ne ke ci gaba da samar da sinadarin, shi ya sa ƙiba a wannan lokaci take da illa. Shan barasa da rashin motsa jiki su ma suna cikin lissafi.

Haihuwa da shayarwa kuwa rage haɗarin suke yi. A 2002 aka haɗa sakamakon bincike 47 daga ƙasashe 30, aka ga kowace haihuwa tana rage shi da kashi 7 cikin ɗari, kowace shekara ta shayarwa kuma da kashi 4.3. Akwai wani misali mai ban sha'awa daga Hong Kong. Matan Tanka, masunta mazauna kwale-kwale, sun saba shayarwa da nonon dama kaɗai. Wani rahoto na 1977 ya nuna cewa a cikin dattijansu da suka kamu, yawancinsu a nonon da ba a sha ba ne cutar ta fito. Matan da aka duba ba su da yawa, don haka ishara ce kawai, amma ta dace da abin da manyan nazarce-nazarce suka tabbatar daga baya.

A nan akwai buƙatar malami ya yi hattara a gaban ɗalibai. Gaskiya ne binciken MacMahon na 1970 ya nuna cewa haihuwar fari da wuri tana rage haɗarin wannan cuta. To amma wannan ba hujja ba ce ta aurar da yarinyar da ƙugunta bai gama ƙosawa ba, domin doguwar naƙuda da yoyon fitsari sun fi kusa da ita nesa ba kusa ba. Haka nan alkaluman nan na jama'a ne baki ɗaya. Uwar 'ya'ya takwas da ta shayar da kowanne shekara biyu tana iya kamuwa, saboda haka ƙullutu a nono abin kai wa likita ne ko a jikin wa ya fito.

Batun waken suya, wanda ake yin awara da shi, ya ja hankalin masana ƙwarai. Da aka koma kan matan binciken Ziegler, aka tambayi iyayensu mata abin da suka ciyar da su, sai aka ga waɗanda suka fi cin waken tun suna yara haɗarinsu ya fi ƙasa. Sai dai yana da wuya a raba tasirin waken da na sauran al'adun gidan da ake cin sa, don haka maganar ba ta kai matsayin ta shayarwa ƙarfi ba.

A yau ba sai mace ta tsallake teku ba, domin irin wannan rayuwa ta iske Asiya har gida. A Koriya ta Kudu, a 1960 mace takan haifi 'ya'ya kimanin shida, amma a 2023 matsakaicin ya faɗo zuwa 0.72. Matan ƙasar da aka haifa wajen 1920 sukan fara al'ada suna dab da shekara 17, waɗanda aka haifa wajen 1980 kuwa ba su cika 14 ba. A Singafo, inda aka fara rajistar masu sankara a 1968, yawan kamuwa da ta mama ya ninka fiye da sau uku. A Japan ita ce sankarar da aka fi ganowa a jikin mata, kuma da yake a can da Koriya takan kama mata da yawa tun kafin su kai hamsin, ƙasashen biyu suna kiran mace ta je a ɗauki hoton nononta duk bayan shekara biyu da zarar ta cika arba'in.