Wace Irin Kwamfuta Ce Ta Dace da Malamin Ƙauye?

'Yan'uwana ɗalibai, ba wata gardama da ta fi yawa a kwalejinmu kamar gardamar na'urori. Wannan ya ce HP ta fi ƙarko, wancan ya ce a'a, Dell ce, wani kuma ba ya jin kira in ba a ambaci Apple ba. Gardama ce mai daɗi, ni ma nakan sa baki. Amma galibi muna musu ne a kan kayan da aljihunmu ba zai kai gare su ba, mun bar abin da ke jiranmu ranar da aka tura mu koyarwa a Zonkwa, ko Madakiya, ko Samarun Kataf, ko Kamuru. Saboda haka ina so mu yi nazarin wannan al'amari tare, kamar yadda malami ya kamata ya dube shi.

1. Me ya sa maganar ta shafe mu?

Tun 2015 hukumar JAMB ta bar takarda da fensir, duk mai zama jarrabawarta sai ya zauna gaban kwamfuta. Tambayoyi 180 ne cikin awa 2, watau kowace tambaya tana da daƙiƙa 40 kacal. A 2024 kuma WAEC ta fara gwada jarrabawar kwamfuta ga masu zama na kansu. Mu ma malamai ba mu tsira ba, gama jarrabawar TRCN, wadda a ke yi kafin a sa mutum cikin rajistar malamai, a kan kwamfuta a ke yin ta tun 2017.

To, a dubi yaro ɗan ƙauye mai ƙoƙari, wanda ya san lissafi ya san Turanci, amma bai taɓa sa yatsa a kan kwamfuta ba sai ranar da ya shiga ɗakin jarrabawa a Kafanchan. Kafin hannunsa ya bar rawa, minti goma sun wuce, tambayoyi 15 ke nan sun tafi a banza. Ubansa kuwa watakila citta ko masara ya sayar ya biya kuɗin. Wannan yaro bai faɗi don rashin ilmi ba. Ya faɗi ne domin ba wanda ya nuna masa, kuma nuna masa aikinmu ne.

2. Jikin kwamfuta da manhajarta

Kwamfuta kashi biyu ce. Akwai jiki, watau duk abin da hannu ke iya taɓawa: gilashin da a ke kallo, da kibod mai haruffa, da linzami, da batir, da kayan ciki. Akwai kuma manhaja, watau umarnin da a ka rubuta mata. Mu malamai mun riga mun san wannan kalma, gama manhaja ita ce ke gaya mana abin da za mu koyar da wanda zai bi bayansa. Haka ta ke ga kwamfuta. In ba manhaja, ƙarfe ne kawai da roba.

Cikin kayan ciki, uku ne ya wajaba mu sani. Bari in kwatanta su da gidan manomi. Na fari shi ne ma'aji, wanda ya ke kamar rumbu: abin da a ka zuba ciki yana nan ko an kashe na'ura. Na biyu shi ne abin da masu sayarwa ke kira RAM, wanda ya ke kamar tabarmar da uwargida ke baza hatsin da za ta yi aiki da shi yau. In tabarmar ƙarama ce, tilas ta yi ta kai da kawowa zuwa rumbu, aiki ya yi nawa. In wuta ta ɗauke kuwa, duk abin da ke kan tabarma ya watse, shi ya sa a ke cewa mutum ya riƙa adana aikinsa a kai a kai. Na uku shi ne furosesa, ita ce uwargidan kanta mai yin aikin. Mace mai zafin nama da ƙaramar tabarma da rumbu mai wuyar buɗewa ba za ta gama tuwo da wuri ba. Sai ukun sun dace da juna.

3. Ra'ayina game da saye

Yawancinmu ta hannu za mu saya, irin wadda a ke kawowa daga Turai da Amurka a sauke a Ikeja ta Legas, daga can ta bazu zuwa kasuwannin arewa. Wannan ba abin kunya ba ne. Kwamfutar ofis mai shekara biyar ko shida, in lafiyarta ƙalau, ta ishi malami rubuta darasi da lissafin makin yara.

Ga abin da ni zan duba, bi da bi. Da fari batir. Gama a ƙasarmu wutar lantarki baƙuwa ce, ba ta faɗin ranar zuwa balle ranar tafiya. Don haka laftof ta fi ta tebur amfani gare mu nesa ba kusa ba. Ta tebur takan mutu nan take in an ɗauke wuta, tana kuma cin wuta ninkin ba ninkin. Laftof kuwa yawancin cajarta wat 45 ne ko 65, ƙaramar sola da batirinta za su iya ɗaukarta. Kafin ka biya, ka sa a cire caja, ka yi aiki da ita rabin awa a gaban mai kanti, ka ga yadda batirin ke sauka. In ya ƙi yarda, ka san akwai dalili.

Na biyu, RAM kada ya kasa gigabait 8. Na uku, ma'ajin ya zama irin wanda a ke kira SSD. Tsohon iri yana da faifai mai juyawa a ciki, jijjigar babur a hanyar ƙauye tana iya lalata shi, ga shi da nawa. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa. SSD mai gigabait 256 ya fi mini tsohon iri mai 500.

Na huɗu furosesa, nan ne a ke yi wa mutane wayo. Mai kanti zai ce maka, "Malam, wannan fa i7 ce!" Kai kuwa ka tambaye shi, "Ta wane zamani?" Kamfanin Intel yana fitar da su tsara bayan tsara. In ka ga an rubuta i5-8250U, lambar 8 ta farko tana nuna tsara ta takwas ke nan. Tsohuwar i7 ta tsara ta uku, sau da yawa i5 ta tsara ta takwas takan bar ta a baya. Girman suna ba shi ne ƙarfi ba.

Daga nan ka gwada kowane harafi ɗaya ɗaya, ka sa filashi a kowace kafa, ka kashe ka kunna don ka tabbata ba ta neman wata kalmar sirri ta mai ita na dā. Ka karɓi rasit. Sunan kamfani kuwa, wanda mu ke ta musu a kansa, shi ne na ƙarshe a lissafina. Abin da zan tambaya kawai shi ne, in cajarta ko batirinta ya lalace, ana samun wani a Kafanchan, ko sai an aika Kaduna?

Bayan saye sai kiwo. Ƙurar hunturu tana toshe kafofin iska, na'ura ta yi zafi. Kada a ɗora ta kan katifa tana aiki, a rufe ta da ƙyalle in an gama. Da damina kuma, ku da kuka san tsawar da ke sauka wajen duwatsun Kagoro, ba sai na ce a cire caja daga bango in hadari ya taso ba.

4. Maganar manhaja

Ga wani labari da ya shafi mai sayen ta hannu ƙwarai. Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 gyare-gyaren tsaro da ya saba bayarwa. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, ba ta karɓar kowace na'ura. Daga furosesoshin Intel, galibi sai tsara ta takwas zuwa sama. Ka ga amfanin sanin lambar nan ke nan.

Amma wanda ke da tsohuwa kada ya yar. Akwai Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991, kyauta ce ga kowa. Wani irinta da a ke kira Ubuntu ya fito a 2004, mutumin Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya kafa shi. Akwai kuma LibreOffice, ita ma kyauta, tana rubuta wasiƙa da jadawalin maki. A ganina wannan ya fi wa makaranta mutunci bisa ga manhajar sata da a ke zuba wa mutane a kasuwa, wadda sau da yawa takan zo da cuta a ciki. Ta yaya za mu hana yaro satar amsa, alhali kuwa na'urar da mu ke koya masa da ita cike ta ke da kayan sata?

Kada kuma mu ɗauka na'ura ba ta kuskure. A jarrabawar 2025, hukumar JAMB da kanta ta bayyana cewa an sami matsalar manhaja a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, har ta ce ɗalibai kusan 380,000 su sake zama. Haka nan manhajojin nan masu amsa tambaya, irin su ChatGPT da ta fito a Nuwamba 2022. Suna taimako wajen tsara darasi, amma sukan faɗi abin da ba haka ba da cikakken ƙarfin hali. Malami ya gwada maganarsu da littafi kafin ya kai ta gaban aji.

5. Harsunanmu

Wasu na tsammani kwamfuta Turanci kaɗai ta ke ji. Ba haka ba ne. Ana iya sa mata kibod na Hausa, ta rubuta ƙ da ɗ da ɓ daidai, kada yaro ya rubuta "kasa" inda ya ke nufin "ƙasa". Abin farin ciki kuma, tun 2022 harshen Tyap, na mutanen Atyap, ya sami nasa sashe a Wikipedia, 'ya'yan ƙasar nan ne ke rubuta shi. Yaron da ya ga harshen uwarsa a kan gilashi zai bar ganin na'urar kamar kayan baƙi. Inda ba intanet kuwa, akwai manhaja mai suna Kiwix, wadda a ke sauke Wikipedia cikinta sau ɗaya a gari, a kai ƙauye a yi ta karatu ba tare da sayen data ba.

6. Na'ura ɗaya, yara hamsin

Lokacin da na je koyon koyarwa a wata makarantar ƙauye, na iske darasin kwamfuta yana cikin jadawali, yara sun haddace sunayen sassanta sarai, amma cikin aji duka 'yan kaɗan ne suka taɓa ganin ta ido da ido. Ga dabarar da na bi, watakila ta yi wa wani amfani.

Da fari kowane yaro ya zana kibod a kan kwali, daidai girmansa. Wannan yana da muhimmanci, gama haruffan ba a jere su ke kamar A, B, C ba. Jerin tafireta ne na tun shekarun 1870 a ka gada, yaro kuwa yakan ɓata lokaci yana neman B kusa da A. Sa'an nan na nemo matattun kibod daga wurin masu gyara, waɗanda ba su da amfani gare su, domin yatsu su saba da dannawa.

Na biyu, na koya musu haruffa takwas da a ke iya yin jarrabawar JAMB da su ko ba linzami: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na wucewa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki, R na janyewa in an taɓa S bisa kuskure. Ku lura da kyau, S yana zaune ne tsakanin A da D, B kuma yana maƙwabtaka da N. Yaron da bai san wannan ba, in ya ga na'ura tana tambayarsa ko ya gama alhali yanzu ya fara, sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Kowace shekara malami ya karanta umarnin hukumar, ko an sāke wani abu.

Na uku, na raba su biyar biyar, kowane rukuni da mintinsa a gaban laftof ɗin, na kuma rubuta sunaye don kada kowa ya sha kan wani. In ba a yi haka ba, manyan samari su ke mamaye wurin, 'yan mata su tsaya a baya suna leƙe. Alhali kuwa ranar jarrabawa kowa shi kaɗai zai zauna.

A ƙarshe, 'yan'uwa, sabuwar na'ura za ta fito bana, wata ta fito baɗi, ba za mu iya bin su duka ba. Kwamfutar da ta dace da mu ita ce wadda batirinta ke kai wa ƙarshen darasi, wadda a ke iya gyarawa kusa, wadda kuma ba ma tsoron barin yaro ya taɓa. Da babu gara ba daɗi. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.

Abin yi kafin fitowa ta gaba:

(a) Ka duba laftof ɗinka ko ta abokinka, ka rubuta girman RAM, da irin ma'aji, da tsarar furosesa.

(b) Ka zana kibod a kwali ba tare da kallo ba, sa'an nan ka gwada da na gaske.

(c) Ka tsara darasin minti 40 na yara 50 da na'ura ɗaya, yadda kowane yaro zai sa hannu.