Katangar da ke Ƙarƙashin Ruwa

Da zarar damina ta kankama, duk ramin da aka haƙa a ƙasar Ƙanƙara sai ya koma tafki. Ramukan masu haƙar farar ƙasa, wuraren da aka ɗebi jar ƙasa don aikin titi, kududdufan da aka yi shekaru ana kwasar ƙasar gini a cikinsu, duk su cika su batse. Haka abin yake a Faskari da Sabuwa. Yara su tuɓe riguna su faɗa, samari su bi bayansu, kafin kaka kuma sai a ji an yi jana'iza a wani ƙauye, a ce ruwa ya ci ɗan wane. Ni sana'ata nutso ce, irin wanda ake goya tukunyar iska a baya a shiga ƙarƙashin teku, kuma abin da na gani a wurin aikin nan shi ya hana ni yin shiru a kan waɗannan ramuka namu.

A gaɓar Sudan na yi yawancin aikina, tun kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, ina raka baƙi masu zuwa kallon murjani a Bahar Maliya. Mu Hausawa ba baƙin wannan gaɓa ba ne. Kakanninmu sun daɗe suna bi ta Sawakin su haye Jidda aikin hajji, wasu suka zauna, har yau jikokinsu na nan a Bur Sudan. Kimanin kilomita 25 daga bakin gaɓa akwai Sanganeb, tudun murjani da ya taso shi kaɗai daga ƙasan teku, da doguwar hasumiyar fitila a kansa. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya. Can arewa da shi kuma akwai Sha'ab Rumi, inda Bafaranshen nan Jacques Cousteau, wanda shi da Emile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iskar da muke amfani da irinta tun 1943, ya zaunar da mutanensa wata guda a ɗakunan ƙarfe ƙarƙashin ruwa a 1963.

A saman tudun Sanganeb akwai inda ruwa bai wuce ƙugu ba, garau, kana ganin ƙananan kifaye ruwan lemo suna shige da fice a rassan murjani. Ka ƙara gaba kaɗan sai ƙasa ta ƙare. Tudun ya yanke, ya miƙa ƙasa a tsaye har ɗaruruwan mitoci. Wannan wuri shi muke kira katanga. Idan kana bin ta, a hannu ɗaya ga bango shafe da murjani mai laushi yana kaɗawa, a ɗaya hannun babu komai sai shuɗi, wani lokaci garken manyan kifaye ya ratsa ya wuce. Launuka ma canzawa suke yi, ja shi ke fara ɓacewa. Wanda dutse ya yanke shi a zurfin mita 20 zai ga jininsa na fita kore-kore. Na sha ganin baƙo ya shagala da kallo yana zamewa ƙasa bai sani ba, domin babu ƙasan da ƙafarsa za ta taɓa ta tuna masa inda ya kai. Agogon zurfin da ke hannunsa kaɗai ke gaya masa, sai kuma abokin tafiyarsa da zai ƙwanƙwasa tukunya ya nuna masa sama. Shi ya sa a aikinmu ba a shiga ruwa mutum ɗaya, komai ƙwarewarsa.

Ruwa nauyi gare shi. Kowace mita 10 da ka sauka, ya ƙara maka matsi daidai da na dukan iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A mita 10 iskar da ke cikin kunnenka da huhunka ta matse ta koma rabin girmanta, a mita 30 ta koma kashi ɗaya cikin huɗu, tukunyar da ke bayanka kuma ta riƙa ƙarewa ninki huɗu. In ka juyo sama, iskar nan sai ta buɗe. Wanda ya cika huhunsa daga tukunya ko tiyo a ƙasa, ya riƙe numfashi ya taso, huhun na iya yagewa ko da abin da ya hau bai kai mita biyu ba. Darasin farko da muke nanata wa ɗalibi ke nan har ya gaji da ji: kada ka riƙe numfashi.

Sai maganar naitirojin, wadda ita ce kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. A zurfi tana narkewa cikin jini da tsoka. Idan mutum ya taso a hankali sai ta fita ta numfashi, idan kuwa ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa a cikin jiki, kamar kwalbar lemon da aka girgiza aka ɓalle murfinta. Kumfar nan ta tsaya a gaɓoɓi, ciwo. Ta tsaya a laka, ƙafafu su shanye. Don haka muke hawa sannu-sannu, mu tsaya minti uku a mita biyar kafin mu fito, ba ma kuma hawa jirgin sama sai an kwana. Sabon ɗalibi ba ya wuce mita 18, kuma iyakar masu nutson shaƙatawa duka ita ce mita 40. Tun daga wajen mita 30 naitirojin kan juya kai kamar maye, ka ga mutum mai cikakken hankali ya ƙura wa agogonsa ido ya kasa gane lambar da ke kai.

A nan Najeriya muna da shaida. A watan Mayun 2013 jirgin Jascon 4 ya kife a teku kusa da Escravos, mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya rayu kusan awa 60 cikin wata 'yar iska da ta maƙale a ciki, a zurfin mita 30. Da masu nutso suka same shi ba su yi sama da shi kai tsaye ba, domin hakan zai kashe shi. Sai da ya ƙara kwanaki a ɗakin rage matsi kafin ya shaƙi iskar waje.

To, 'yan uwa, ramin farar ƙasa ma katanga gare shi. Mai haƙa ba ya yin gangare, tsaye yake yanka ƙasa don ya bi jijiyar abin da yake nema. Da ruwa ya rufe, bakin ramin sai ya zama wurin wasa mai kai gwiwa, taku ɗaya gaba kuma zurfin da ya fi tsawon ɗaki. Katangar teku aƙalla ana ganin ta. Tamu tana cikin ruwan laka, inda ba ka ganin tafin hannunka. Farar ƙasa in ta jiƙe santsi ne da ita, yaro ya kai hannu zai kama baki ya zame, ya sake kaiwa ya zame, har ƙarfinsa ya ƙare. A ƙasa kuma ga taɓo mai riƙe ƙafa, ga ruwa mai sanyi da rana ba ta kai gare shi, wanda ke sa tsoka ta ɗaure. Nakan ji ana cewa 'yan ruwa ne suka ja shi. Ba zan yi musu da kowa a kan gaibu ba, ajali kuma in ya zo ba mai tare shi, amma waɗannan sababai a fili suke, ana kuma iya toshe su.

Mai nutsewa ba ya ihu. Bakinsa na hawa da sauka a saman ruwa, duk abin da ya samu na iska numfashi yake yi da shi. Abokansa na gefe suna dariya, sun ɗauka wasa yake.

Akwai wasan da nake roƙon ƙannena samari su bari, wato gasar wa zai fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa. Mai son cin gasa yakan yi ta jan numfashi da sauri kafin ya nutsa. Wannan ba ya ƙara masa oksijin ta kirki, abin da yake yi shi ne korar iskar da ke tunatar da jiki cewa lokacin numfashi ya yi. Sai oksijin ta ƙare jiki bai yi gargaɗi ba, mutum ya suma a ƙasan ruwa shiru. Gwanaye wannan ya fi kashewa. Haka nan wasu samari sun tambaye ni ko za su iya jona tiyo da injin mai faci su shiga dam irin na Mairuwa, kamar yadda suka gani a bidiyon waya. Amsata a'a ce, da babbar murya. Iskar injin faci gauraye take da mai, in kuma ya zuƙi hayaƙin janareto ya tura maka, guba ce marar wari da ke sumar da mutum. Ko iskar mai tsabta ce, duk dokokin matsi da na ambata suna kanka, a dam kamar a teku. Mai sha'awar sana'ar nan, hanyarta makaranta ce da malami da takardar shaida, kuma sana'a ce mai ci da mutum.

Masunta da Sarakunan Ruwa da muke da su ina girmama su ƙwarai. Sun san ruwansu, su ake kira in an rasa yaro, su shiga da numfashinsu kaɗai su lalubo shi a duhu. Kamata ya yi masu unguwanni su zauna da su tun farkon damina, a zagaya a san ramukan da suka fi haɗari, a kewaye su da ƙaya, a nemi masu haƙa su fasa gefe ɗaya ya zama gangaren da za a iya takawa a fito. A kuma ajiye doguwar igiya ɗaure da jarka rufaffiya a bakin duk tafkin da yara ke zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa nutsewa ta kashe mutum kusan 300,000 a 2021, kuma ƙananan yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ranar 25 ga Yuli, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don wannan matsala, tsakiyar daminarmu take faɗowa, lokacin da ya dace limamai da malaman makaranta su yi magana a kai.

Idan abin ya faru a gabanka, yi kururuwa, miƙa sanda ko jefa jarka, kada ka faɗa sai in an koya maka ceto, domin mai nutsewa kan ƙanƙame wanda ya zo ya tafi da shi. In an fito da shi kada a ɗaga shi kai ƙasa, kada a tsaya matsa ciki wai a fitar da ruwa. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintoci. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓa, in ba ya numfashi a toshe hancinsa a hura masa iska a baki sau biyar, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 da ƙarfi, a hura sau biyu, a ci gaba da haka ba tsayawa har ya motsa ko ma'aikacin lafiya ya karɓa. Ko da ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti a ranar, domin ruwan da ya shiga huhu yakan sarƙe numfashi bayan wasu awoyi.