Amsoshin Tambayoyinku: Ta Yaya Zan Gane Tallan Da Yake Kawo Min Ciniki?

TAMBAYA: Ina da shagon intanet inda nake sayar da atamfofi, leshi da mayafai. Ina talla a Instagram da Facebook, ina ɗora kaya a sitatus ɗin WhatsApp, wani lokaci kuma nakan biya wata mai mabiya da yawa a TikTok ta tallata min. Ciniki yana shigowa, alhamdulillahi, amma ban san wace hanya ce take kawo shi ba. Duk wata kuɗin talla suna fita, ni kuwa lalube nake a duhu. Ko akwai yadda zan gane? Daga wata 'yar kasuwa a Kano.

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Akwai hanya, kuma ba za ta ci miki ko sisin kwabo ba, sai ɗan haƙuri da tsari. Ana kiranta alamomin UTM. Wasu 'yan kalmomi ne da ake maƙalawa a wutsiyar adireshin shafinki kafin ki raba shi. Duk wanda ya danna wannan linki, alamar za ta biyo shi har cikin shagon, ta shaida wa manhajar ƙididdiga daga inda ya fito. Kamar buhun da aka kai tasha ne aka rubuta sunan mai aikowa da garinsa a jiki: komai yawan kayan da aka sauke, kin san na wane ne.

Wani kamfani mai suna Urchin da ke San Diego a Amurka ne ya ƙirƙiro tsarin. Google ya saye shi a 2005, ya gina Google Analytics a kansa, ya fito da ita kyauta a ƙarshen wannan shekarar. Tsohon samfurin manhajar ya daina aiki ranar 1 ga Yulin 2023, don haka wanda za ki buɗe yanzu shi ne GA4. Idan kin ga bidiyon koyarwa da bai yi kama da abin da ke gabanki ba, wataƙila na tsohon ne.

Alamomin na asali biyar ne, amma uku za ki riƙe da kyau. Ta farko utm_source, wato wurin da mutum ya ga linkin: instagram, tiktok ko whatsapp. Ta biyu utm_medium, wato irin hanyar: tallan kuɗi ne, saƙon imel ne, ko ɗorawa ce kawai ta kyauta. Ta uku utm_campaign, sunan da kika raɗa wa wannan zagayen tallan. Ga misali, a ce kina tallan kayan Babbar Sallah:

sunan-shagonki.com/atamfa?utm_source=instagram&utm_medium=social&utm_campaign=babbar_sallah

Duk abin da ya zo bayan alamar tambaya ba ya canza shafin da mai saye zai gani. Atamfarsa zai tarar yadda take, bayanin kuwa naki ne. Ta huɗu, utm_content, tana da amfani idan kin saki hotuna biyu ko bidiyo biyu a talla ɗaya kina son sanin wanda ya fi jan mutane. Ta biyar, utm_term, ta masu sayen kalmomi ce a shafin binciken Google, ki bar ta tukuna. Ba sai kin rubuta duk wannan da hannu ba. Google yana da shafi kyauta mai suna Campaign URL Builder: ki cike gurabe, ya haɗa miki linkin. Idan ya yi tsawo, ki gajarta shi da irin su Bitly, alamomin suna nan ba sa ɓata.

To, kowace hanya a ba ta nata linkin. Wanda ke saman shafinki na Instagram daban, na tallan kuɗi a Facebook daban, na sitatus daban, na zauren kwastomominki a WhatsApp daban, na mai yi miki talla a TikTok daban da sunanta a ciki. Na WhatsApp ya fi kowanne buƙatar alama. Linkin da aka buɗe daga saƙo sau da yawa ba ya zuwa da labarin inda ya fito, sai manhajar ta jefa shi cikin rukunin da take kira Direct, tare da waɗanda suka rubuta adireshin da hannunsu. Haka 'yar kasuwa za ta ga rabin baƙinta a wannan rukuni ta ɗauka sunan shagonta ne ya shahara, alhali sitatus ne yake aikin.

Wajen rubuta alamomin ake yawan samun tangarɗa. Manhajar tana bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka Instagram da instagram hanyoyi biyu ne a wurinta, IG kuma ta uku. Ki zaɓi ƙananan baƙaƙe ki tsaya a kansu, kada ki bar fili tsakanin kalmomi. Sunan zagayen talla ki sa duk wanda kika ga dama, da Hausa ma ya fi miki sauƙin tunawa. Amma a gurbin utm_medium ki yi amfani da kalmomin da Google ya sani: social ga ɗorawa ta kyauta, cpc ga tallan kuɗi, email ga saƙon imel. In kin ƙirƙiro taki, yakan tura baƙin cikin rukunin Unassigned, wato waɗanda ya rasa inda zai ajiye su. Ki buɗe takarda ɗaya a Excel ko ma littafin rubutu, ki riƙa shigar da kowane linki da ranar da kika sake shi, musamman idan kina da yaran shago masu ɗora miki kaya. Sannan kada ki taɓa sa waɗannan alamomi a linkin da ke cikin shagon kansa, kamar daga shafin farko zuwa na leshi. Yin haka yana dagula lissafin inda baƙon ya fito tun farko.

Sakamakon za ki same shi a GA4 ƙarƙashin rahoton Traffic acquisition. Sai dai ki tabbatar wanda ya gina miki shagon ya saita shi yana aika labarin kowane ciniki da kuɗinsa, in ba haka ba yawan masu leƙowa kawai za ki gani. Idan a kan Shopify ko WooCommerce shagon yake, su ma suna nuna asalin kowace oda a shafinta. Ki kuma roƙi wanda ya gina shagon ya duba abu guda. Mai saye yakan bar shagonki ya je shafin biyan kuɗi na Paystack ko Flutterwave sannan ya dawo, sai manhajar ta ɗauka shafin biyan kuɗin ne ya kawo shi, ta ba shi ladan cinikin. A saitin GA4 akwai wurin da ake kira List unwanted referrals, a sa adireshinsu a ciki, magana ta ƙare.

Yanzu ga iyakar abin, don kada ki dogara da shi fiye da ƙarfinsa. A ce wata baiwar Allah ta ga leshinki a bidiyon TikTok ranar Litinin, ta yaba, ba ta danna komai ba. Ranar Laraba ta nuna wa yayarta a Instagram. Ranar Juma'a albashi ya shigo, ta ga sitatus ɗinki, ta danna ta saya. Rahoton zai rubuta wa WhatsApp cinikin, TikTok da ya fara sa mata sha'awa ya tashi a tutar babu. Haka in ta fara dubawa a wayarta ta ƙarasa a ta mijinta, manhajar mutum biyu za ta ƙirga. In kuma wata ta kwafi linkin Instagram ta tura zauren dangi, duk wanda ya danna za a ce daga Instagram yake.

Za ki kuma ga alƙaluman Facebook sun fi na Google yawa. Dalili shi ne a tsarinsa na asali, Facebook yana ɗaukar ladan duk cinikin da aka yi cikin kwana 7 bayan danna tallansa, ko cikin kwana 1 bayan ganinsa kawai. Kowane dandali kansa yake yabo. Tun 2021 kuma, da Apple ya fara tambayar masu iPhone ko sun yarda manhajoji su bi sawunsu, ƙidayar ta ƙara yin rauni. In alƙaluma suka saɓa, abin da ya shiga asusunki na banki shi ne alƙali.

Abu mafi muhimmanci a kasuwancinmu shi ne, ciniki da yawa ba a shafin yake ƙarewa ba. Mutum zai duba kaya, ya dawo WhatsApp ya yi tayi, a daidaita, ya tura kuɗi ta banki ko ya ce sai kaya sun iso. Wannan duk manhajar ba ta ganinsa. Maganinsa dabaru uku ne. Linkin wa.me na WhatsApp yana ba da damar a rubuta saƙon farko tun kafin mutum ya danna, don haka na TikTok ya fara da "Salam, na ga kayanku a TikTok", na Instagram ya ambaci Instagram. Kowace mai yi miki talla ki ba ta lambar ragi tata ta kanta, wadda mai saye zai faɗa a rage masa wani abu. Sai ta uku, wadda ta fi su tsufa: ki tambaya. "Hajiya, a ina kika gan mu?" Ki rubuta amsar kusa da kuɗin da ta biya.

A ƙarshen wata ki zauna da lissafi. A ce kin ba mai tallan TikTok naira 40,000, mutum 900 suka leƙo, 4 suka saya. Kowace mai saye ta tsaya miki a naira 10,000. Tallan Facebook na naira 40,000 kuma ya kawo mutum 200 kacal, amma 10 suka saya, wato naira 4,000 kowacce. Wanda ya duba cunkoso zai zaɓi na farko, wanda ya duba aljihu zai zaɓi na biyu. Duk da haka kada ki yanke hukunci da sakamakon mako guda, kuma kada ki gwada watan azumi da watan da ya biyo bayan Sallah, don kasuwarsu ba ɗaya ba ce. Idan kina shakkar wata hanya, ki dakatar da ita na 'yan makonni ki ga ko jimillar cinikin ta ragu.

Ki fara yau da linki huɗu, ɗaya ga kowace hanyar da kika lissafa, ki haɗa da tambayar nan ta baki. Bayan wata biyu za ki san inda ya kamata ki ƙara kuɗi da inda ya kamata ki janye. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.